Daɓen da Aka Wanke da Sabulu

Ina farawa da sunan Allah, wanda ya shimfiɗa ƙasa ya daidaita ta ba da madaɓi ba. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa, da alayensa, da sahabbansa, da duk wanda ya bi sawunsu har ranar sakamako.

Bayan haka, abin da ya mayar da ni ga alƙalami bayan ido ya yi rauni shi ne abin da na tarar shekaranjiya a zaurena. Na dawo daga masallaci da hantsi, sai na iske jikokina biyu, ƙarti masu gemu, sun tuttule tulu guda na ruwa a kan daɓe, suna kora shi waje da tsintsiyar kaba. Na ce, "Me kuke yi haka?" Suka ce tsabta. Babban ya ƙara da cewa, "Malam, shara ai ba ilimi ba ce. Ko akuya aka ɗaura wa tsintsiya a wutsiya ta share zaure."

Ban yi musu faɗa ba, don ba su ne farkon masu wannan ijtihadi ba. Wata ta riga su, ta ƙetaro teku da shi, kuma saura ƙiris tsabtarta ta hallaka mini gida. To ku saurara, ku da tsararrakinku, in gaya muku abin da ke ƙarƙashin ƙafarku.

Aikina na farko a wannan sana'a shara ce, kuma kwana arba'in na yi ina yin ta. Mahaifina malami ne a Hamdara. Da ya rasu aka kawo ni Birni wurin ƙanin mahaifiyata, Kawu Kyari, wanda shi ke daɓen masallatai da zaurukan manya, gama cikin gida na mata ne, zaure da masallaci namu. Na zo masa da gafaka cike da littattafai da kai cike da iska. Shi kuwa bai san baƙi ba sai abin da zai yi salla. Ya dube ni, ya miƙo mini tsintsiya, ya nuna mini masallacin unguwa.

Na ce, "Kawu, na fa sauke, har na shiga littattafai."

Ya ce, "Ka karanta babin tsarki?"

Na ce, "Na haddace shi."

Ya ce, "Madalla. Ƙasan nan ba ta haddace ba. Je ka karanta mata."

Na share masallacin kafin a ce kwabo, na fito ina taƙama. Ya shiga ya shafa bango da yatsa, ya goga mini a goshi. Duk ƙurar da na tayar daga ƙasa ta hau bango ta zauna tana jiran in fita. A ranar na koyi cewa mai shara da gaggawa ba ya fitar da ƙura, sauya mata masauki yake yi. Sai an fara yayyafi da yatsu daga ƙwarya, kamar mai tsoron ruwan ya ƙare. Sa'an nan a ɗauki tsintsiya mai laushi, a kwantar da ita, kada a tsayar da ita a kan bakinta, a faro daga ƙurya a nufo ƙofa. Tsintsiyar kaba ta tsakar gida ce da garke. Wanda ya sa ta a kan daɓe kamar wanda ya aske jariri da gatari ne.

Na koyi cewa in mai ya zuba, toka mai sanyi ake rufe shi da ita ta kwana ta shanye. In tawada ce, a kankare da tsingaro a shafa ruwan makuba, wadda bayaninta ke tafe. In kuwa najasa ce, a nan ne karatuna ya fara amfani, domin Kawu yana tsoron ruwa, shari'a kuwa tana neman sa. Muka daidaita a kan haka: a zuba ruwa a gurbin kaɗai har najasar ta gushe, a tsane da busasshen rairayi, in ya bushe a goge da makuba. Wanda ya san fiƙihu bai san ƙasa ba, zai tsarkake ɗaki ya rushe shi. Wanda ya san ƙasa bai san fiƙihu ba, zai bar ɗaki sumul a yi salla a kan ƙazanta.

Kayan aikinmu kaɗan ne, jaki ɗaya ya ɗauke su har da mai shi. Madaɓi na icen kirya, mai lanƙwasa, wanda sai ya shekara a hannunka kafin ya daina cizon tafinka. Rariya ta tankaɗe tsakuwa. Dutse mai santsi na goga. Sai makuba, wato ɓawon ɗorawa da ake jiƙawa har ruwan ya yi baƙi. Ita ce ran aikin. A kasuwar Mirriya muke sayenta wurin Kanawa, kuma Kawu bai taɓa karɓa ba sai ya tauna. In harshe bai ɗaure da bauri ba, sai ya tofar ya ce wa mai ita, "Ɗan Kano, wannan an riga an jiƙa ta an yi wa kakarka daɓe, saurar ka kawo mana." Shi kuma ya rantse da duk waliyyan garinsu, sa'an nan ya sunkuya ya ciro ta ƙwarai daga ƙarƙashin buhu.

Zauren wani attajiri a unguwar Zango shi ne na fara yi da hannuna daga tushe. Aka haƙe tsohuwar ƙasa, aka zuba jar ƙasa gauraye da tsakuwa, aka jiƙa ta kwana. Da safe muka jeru a durƙushe muna bugu, ba da ƙarfi ba, da daidaito, ana yayyafa makuba ana bugu, yini uku, har tsakuwa ta nutse ƙasa ta fara amsa madaɓi da ƙara kamar ta ganga. Daga nan sai goga da dutse. Daga nan sai abin da ya fi duka wuya, wato a rufe ƙofa kwana bakwai, ba mai shiga sai mai yayyafi, safe da yamma. Attajirin ya yi haƙuri kwana biyar, ya shigar da raƙumin gishiri ya sauke. Har ya mutu sawun raƙumin na nan a tsakiyar zaurensa, kuma duk baƙon da ya tambaya sai ya ce masa ado ne irin na Gabas.

Haka na shekara goma sha, rani ina Birni ina daɓe, damina ina Hamdara ina noma, gama can iyalina suke. Sai shekarar yunwa ta zo. Ba zan tsawaita a kanta ba. Mai jin yunwa ba ya neman daɓe, mutane ma gidajen tururuwa suke tonawa don ƙwayar da ta tara. Abin da ya rage mini a duniya shi ne tulu ɗaya na irin gero. Na san in yana inda ido ke ganinsa, kukan yara zai ci shi kafin damina. Sai na haƙa rami a ɗakin uwargidana, na toshe bakin tulun, na binne shi, na yi daɓe a kansa, mafi ƙarfin daɓen da na taɓa yi. Na ce mata, "Ba mai fasa wannan sai ni, ranar ruwan shuka." A gidan babu namiji mai ƙarfi sai ni. Mahaifiyata tsohuwa, uwargida ta rame har zanenta na zagaya ta sau biyu, yara ƙanana. In ruwan shuka ya sauka ba na nan, to an gama da mu. Na komo Birni neman abin da za su ci kafin nan.

Ana cikin bazara, zafi ya kai maƙura, sai ga soja a ƙofar Kawu yana neman mai daɓe. A bariki akwai wani Nasara mai muƙami wanda mutanen gari suka sa wa Maza-Maza, domin ba a taɓa jin ya ba da umurnin da zai jira gobe ba. Matarsa, wadda ake kira Madam, ta shiga wani zaure a Birni ta ga ƙasa baƙa tana sheƙi, ta ce sai an yi mata irinta a babban ɗakin gidansu, domin wani shugabansu na tafe ziyara.

Kawu a lokacin ya makance. Ya kamo hannuna ya ce, "Mamman, shekara hamsin ban taɓa yi wa mai kwana da takalmi daɓe ba. Ka ce ba ka iya ba."

Na ce, "Kawu, ƙarya ke nan."

Ya ce, "To je ka da gaskiyarka. Allah ya sa tana da ƙafar gudu."

Gaskiya ita ce an ce za a ba ma'aikata hatsi, kuma ko ba a ce ba, kiran bariki a wancan zamani ba gayyatar suna ba ce.

A gidan na iske Bukar, kukunsu, Babarbare mai faɗin baki, wanda ya tsinci Faransanci a gindin murhu, shi ke fassara. Na tsaya gaban Nasara da matarsa na ce, kamar yadda ya wajaba ga mai ƙwadago ya bayyana aibin aikinsa tun kafin a ƙulla, daɓe yana da sharuɗɗa uku. Na farko, a rufe shi kwana bakwai. Bukar ya fassara. Maza-Maza ya ɗaga yatsu uku, ya ce kwana uku. Na biyu, ba a kwarara masa ruwa, yayyafi kawai. Bukar ya fassara. Madam ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta faɗi wata magana.

Na ce, "Me ta ce?"

Bukar ya ce, "Ta ce yau ta gano abin da ya sa mutanen ƙasar nan ba su da tsabta."

Na dubi karenta yana lasar farantin da ke kan tebur. Na ce, "Na uku, gaya musu ba a hawansa da takalmi mai ƙusa."

Bukar ya dube ni, ya dubi takalman Maza-Maza, waɗanda ƙusoshinsu sun isa a kafa ƙofar gari. Ya ce, "Malam, ina da ƴaƴa."

Na ce, "Amana ce, Bukar."

Ya ce, "Amanar ta kwana a wurina. In ya yi fara'a wata rana na ba shi."

Muka yi aikin. Na kira Inna Fanna, uwar masu daɓen unguwarmu, ta zo da matanta goma, gama ɗakin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Ban rage kome ba, na sa makuba mafi bauri, na goge shi da kaina a kan gwiwa har mutum na ganin inuwarsa a ciki. Al'adarmu kuwa ita ce ragowar haɗi ba a mayar da ita gida, wanda ya shayar da ma'aikata ruwa shi ake daɓe wa ɗaki da ita. Bukar ne ya yi ta kawo mana ruwa, saboda haka a yinin ƙarshe muka daɓe masa ɗan ɗakinsa na bayan madafa, inda yake kwana yake salla. Ƙasa ɗaya, makuba ɗaya, hannuwa ɗaya.

Da kwana uku suka cika aka buɗe babban ɗaki. Tun daga ranar, kowace safiya, Madam sai ta sa a kawo ƴan kaso biyu da tuluna shida na ruwa, da sabulu, da wani abin goga mai gashi kamar bayan bushiya. Su kwarara, su dirje, ita tana tsaye tana nuna musu inda ba su dirje ba. Ruwan yana fita ja, ita kuwa tana murna, a zatonta dauɗa ce ke fita. Ba ta san ɗakinta ne ke fita ta ƙofa tulu-tulu ba. Bukar ya iske ni a kasuwa ya gaya mini.

Na ce, "Ba ka hana ta ba?"

Ya ce, "Na gaya mata. Ta ce a ƙara sabulu."

Ranar da baƙon ya iso, Madam ta sa aka wanke ɗakin sau biyu don girmamawa. Ni ban halarta ba, amma Bukar ya ba ni labari, kuma na ga shaidar da idona. Nasara takwas suka zauna cin abincin rana. Baƙon mutum ne mai jiki, Allah ya yi masa yalwa ta kowace fuska. Yana cikin jawabi sai ƙafafun kujerarsa na baya suka fara nutsewa sannu a hankali, yana magana yana komawa baya, har ya wayi gari yana yi wa rufin ɗaki jawabi. Maza-Maza ya zabura ya taimake shi, santsi ya kwashe shi. Madam ta taso, dunduniyar takalminta mai tsini ta kafe, ta fita da ƙafa ɗaya ba takalmi. Kare kaɗai ya tsira da mutuncinsa, don shi ne ya cika sharaɗi na uku.

Da la'asar soja biyu suka taso ni gaba. Muna hawa bariki na waiga gabas, wajen Hamdara, na ga hadari ya fara ɗaure gindi. Aka tsayar da ni a baranda. Baƙon na zaune gefe, an sauya masa wando. Maza-Maza ya yi ta faɗa har wuyansa ya yi ja kamar gauta. Bukar ya juyo gare ni.

Ya ce, "Ya ce ka ha'ince shi, ka yi masa taɓo ka kira shi daɓe. Wata uku a aikin hanya, gobe da safe za a tafi da kai."

Wata uku, wato damina duka. Na tuna da tulun da na binne, da ƙarfin daɓen da na rufe shi da shi, wanda ko uwargida ta so fasawa ba ta da hannun da zai iya. Da hannuna na kulle wa iyalina abincinsu.

Na ce, "Bukar, gaya masa, Allah ya ja zamaninsa, a shari'armu ba a yanke wa mai sana'a hukunci sai an duba aikinsa. Ina da shaida a cikin gidan nan, ba ta magana, ba ta kuma karɓar toshiyar baki."

Bukar ya yi ƙasa da murya ya ce, "Malam, ɗakina kake nufi? Ka rufa mini asiri."

Na ce, "Amanata ta kwana ashirin a wurinka, Bukar. Yau nake biɗarta."

Ya share zufa, sa'an nan ya fassara. Maza-Maza ya buɗe baki zai ƙi, sai baƙon ya miƙe, da alama ya gaji da zama a kujera a ranar. Muka zagaya bayan madafa, su a gaba mu a baya. Na ɗage tabarmar Bukar. Ga daɓe baƙi ƙirin, yana ɗaukar ido. Baƙon ya buga shi da dunduniyar takalmi, ya amsa masa kamar dutse. Ya ciro wuƙa ya karta, bai samu ko abin da zai cika farce ba. Ya tambayi wanda ya yi. Aka ce ni. Da wace ƙasa? Aka ce ragowar waccan. To me ya raba su?

Na ce, "Bukar, gaya musu yadda kake kula da naka."

Ya ce ya bar shi kwana bakwai, yana yayyafi, yana shara da tsintsiya mai laushi, kuma ba ya shiga da takalmi. Wannan na ƙarshe ya faɗe shi yana duban rufi.

Baƙon ya ce, babban ɗakin fa? Bukar ya juyo ya dube ni. Sai Allah ya kawo mafita ta inda ban zata ba. Madam da kanta ta matso, ta ɗaga kai, ta ce kada wani ya zarge ta da sakaci, domin ita ba ta taɓa barin safiya ɗaya ta wuce ba a wanke ɗakin nan da sabulu ba, yau ma sau biyu. Malamanmu sun ce iƙirari shi ne shugaban hujjoji, amma ban taɓa ganin wanda ya yi shi da alfahari irin nata ba. Baƙon ya dube ta, ya dubi mijinta, sai ya fashe da dariya har ya dafa bango.

Ku sani, ya ku samari, mai mulki yana iya yafe maka laifinka, amma da wuya ya yafe maka gaskiyarka. Maza-Maza ba zai iya tura ni hanya a gaban shugabansa ba, ba zai kuma iya sallamata haka nan ba. Sai ya ce hukuncina shi ne in sake ɗakin, kuma ya fi na kuku kyau, gama ba ya yiwuwa kuku ya fi maigidansa ƙasa. In ya sake lalacewa, wata shida. Sa'an nan ya tambaya, yana satar duban baƙon, kwana nawa ake rufewa.

Na ce, "Mafi ƙaranci bakwai. Mafifici ashirin, ƙofa a kulle, ba mai shiga sai mai yayyafi. Yayyafin kuwa Bukar ya fi ni iyawa, ga shaidarsa."

Ya ce ashirin. Ina zaton wannan ne karo na farko a rayuwarsa da ya zaɓi jinkiri.

A nan akwai mas'alar da na daɗe ina juyawa. Ban yi ƙarya ba, domin daɓe na ƙara ƙarfi da daɗewa, kuma an tambaye ni na faɗi abin da na sani. Sai dai niyyata ta rabu biyu, rabi na ɗakin Nasara, rabi na gerona. Na nemi gafarar Allah a kan rabin, ban dai tabbatar da wane rabin ba.

Da asuba na kira Inna Fanna. Ta leƙa ɗakin ta riƙe haɓa ta ce, "Malam, shinkafa za su shuka a nan?" Muka kwashe taɓon, muka zuba sabuwar ƙasa, muka yi bugu yini uku, idona ɗaya a madaɓi ɗaya a gabas. Matan nan sun san abin da ke raina, ba su ɗaga kai ba sai don salla. A yini na uku, ina goga ta ƙarshe, iska ta juya, ƙanshin ruwa ya shigo. Maza-Maza ya kulle ƙofar da hannunsa, ya sa soja da bindiga a bakinta. Ya kuma sa aka manna takarda mai cewa duk baƙin mutum da zai shiga ɗakin nan gaba sai ya tuɓe takalmi. Inna Fanna ta sa aka karanta mata, ta dubi ƙafafunta da na matanta goma, ba mai ko fade. Ta ce, "To, Allah ya ba mu takalman da za mu tuɓe."

Na kama hanyar Hamdara ruwa na dukana. Na iso washegari ƙasa ta jiƙu har kamu ɗaya, maƙwabta sun fita da sungumi. Na shiga ɗakin uwargida da gatari. Sai da na yi sara ya fi talatin kafin daɓen ya tsage, ina sara ina jin haushin gwanintata. Irin yana nan, ko gara ba ta taɓa ba. Muka shuka, ni ina sara, ita da tsohuwa da yara suna binnewa. Ya tsiro, na yi masa noman farko. Duk wannan lokaci sojan gwamnati na tsaye da bindiga yana gadin ƙasa kada wani ya taka ta, Maza-Maza da Madam kuwa suna cin abinci a baranda tare da ƙudaje.

Ranar ashirin na dawo. Aka buɗe ɗakin, Madam ta leƙa daga bakin ƙofa. Tun daga ranar Bukar ne mai kula da shi, sabulu kuma ya koma ga tufafi. Maza-Maza ya sa aka ɗaura wa ƙafafun kujeru tsumma, ya ce dabara ce da ya zo da ita daga ƙasarsu.

Bayan kwana biyu na koma ɗaukar dutsen gogata da na manta. Tsakar rana ce, zafi ya hana ko tsuntsu motsi, gidan tsit. Na yi sallama a hankali na leƙa. Sai ga Maza-Maza shi kaɗai a tsakiyar ɗakin, takalmansa a ajiye bakin ƙofa, yana tafiya sannu da ƙafafu farare kamar rogon da aka fere, yana jin sanyin ƙasa, idonsa a lumshe. Ya buɗe ido ya gan ni. Muka dubi juna. Ya ɗora yatsa a leɓensa. Na tuɓe nawa, na ajiye su kusa da nasa, na shiga na ɗauki dutsena na fita. Sharaɗi na uku ya isa gare shi ba tare da mai fassara ba.

Ban gaya wa kowa ba sai Kawu Kyari, wanda ya yi dariya har ya yi tari, ya ce, "Ashe ƙasar ta haddace babin nata, har tana karantarwa." Sai ku yau, da Maza-Maza da Madam duk sun koma inda daɓen kowa yake ɗaya.

Geron waccan shekara shi ya rayar da mahaifinku, yana ɗan shekara huɗu. Da an tafi da ni hanya, da ba a samu wanda zai tuttule mini ruwa a zaure ba. Saboda haka gobe in Allah ya kai mu, ku biyun nan ku tafi Mirriya ku sayo makuba, kuma ku tauna kafin ku karɓa. Madaɓina yana rataye bayan ƙofa. Akuyar kuma tana nan ɗaure a turke, in kun ga za ta taimaka, ga tsintsiya.

Nan alƙalami ya tsaya. Abin da na daidaita daga Allah ne, abin da na karkata daga gare ni ne, kuma godiya ta tabbata ga Wanda daga ƙasa ya yi mu, cikinta zai mayar da mu.